Kalkuletar Mama Laraba

Kai da ka ce aikin nan danna maɓalli ne kawai, matso kusa, don da kai zan fi yi. Kun gama bautar ƙasa, kun zo in haɗa ku da gidajen da ake neman malamin lesin, amma tun kafin ku zauna kun riga kun raina sana'ar. Wai lissafin yiwuwa, kalkuleta mai zana giraf ta gama da shi, malami ɗan rakiya ne. Ni a kan hanyar Tungan Maje zuwa cikin gari kaina ya yi furfura ina wannan rakiyar. Zan ba ku labarin wata ɗalibata, Saratu, wadda kujerarta ta makaranta ta rataya a kan na'urar nan da kuke wa kallon abin wasa. Amma sai kun fara sanin kayan aikin tukuna, in ba haka ba labarin zai wuce ta saman kanku.

Ga tawa nan. Kada ka yi dariyar salatif ɗin da ke bayanta, murfin batir ne ya ɓace tun tuni. Ƙirar Amurka ce, tsohon yayi, ta girmi wasunku a aiki. Batir ƙanana take ci, kuma ba na bakin titin Zuba ba, waɗanda za su mutu maka kana tsakiyar tambaya. Sauran abin da ke jakar fensir ne, da magogi, da rula, da takardar giraf, da tsohon littafin tebur, wato jadawalin lambobin lissafi, wanda bangonsa ya tafi. In aka ce in bar abu ɗaya a gida, kalkuletar zan bari, ba fensirin ba.

Abin da muke koyarwa ba ɓoyayye ba ne. Ɗauki buhunan masara da ake cikawa a Yangoji. An ce kowanne kilo hamsin ne, amma in ka ɗora su a sikeli, wani ya ɗan haura, wani ya ɗan gaza. Yawancinsu a tsakiya suke taruwa, kaɗan ne ke yin nisa. In ka zana wannan a takarda, tudu ne zai fito, kamar ƙwarya a kife. Ƙololuwar tudun ita ce matsakaici. Faɗinsa kuma, wato yadda buhunan suka bazu hagu da dama, shi muke kira tazara. Sai a ce wa yaro tazara kilo biyu ce, in ka ja buhu ɗaya ido rufe, mene ne yiwuwar nauyinsa ya faɗo tsakanin arba'in da takwas da hamsin da biyu? Tawa abu huɗu take so ka ba ta a jere: iyakar ƙasa, iyakar sama, matsakaici, tazara. Ka ba ta, ta ba ka amsa kafin ka ƙifta ido. Abin da ba ku sani ba shi ne, ko shirme ka zuba mata, amsa za ta ba ka, lambobi reras, ba kunya ba tsoron Allah. Ban taɓa jin ta tambayi kowa ko ya tabbata ba.

A hannun Oga Bitrus na koyi aikin, wani ɗan Filato mai ɗakin lesin a bayan wata fulaza a Wuse. Na zo masa da takardar digirina ina hura hanci kamar ku. Ya karɓa, ya duba, ya mayar min, ya miƙo min fensir. Damina guda ta wuce ban taɓa kalkuletarsa ba. Kowace tambaya sai na zana tudun, na yi wa wurin da ake tambaya inuwa da fensir, sannan in kalli inuwar in faɗi da baki ko rabi ce, ko kwata, ko ɗan mitsitsi. Bayan haka in buɗe littafin tebur in nemo lambar da yatsa. In abin da na samo ya saɓa da inuwar, ba ya zagi, tebur kawai yake ƙwanƙwasawa da zobensa har sai na gano inda na kauce. Ranar da ya ba ni na'urar ma cewa ya yi in ɗauke ta kamar yaron shago mai saurin hannu, a aike shi amma a ƙirga canjin da ya kawo. Na ji haushin mutumin nan ba kaɗan ba a lokacin, yau kuwa duk wanda ya zauna a gabana da fensir yake farawa.

Akwai wani gida a Maitama da na yi wa aiki, wanda sai ka gama gaisawa da maigadi da karnuka kafin a shigar da kai ta ƙofar kicin. Yaron gidan, Faruk, kalkuleta biyu gare shi, masu launi, kowace ta fi tawa kyau nesa ba kusa ba. Na ba shi tambaya mai sauƙi: an shuka ƙwayar iri goma, kowace tana da yiwuwar tsirowa kaza, mene ne yiwuwar aƙalla bakwai su tsiro? Ya danna, ya juyo min da sikirin yana murmushi. Abin da ya nemo yiwuwar bakwai cif ne, ya bar takwas da tara da goma a waje, don a na'urar layin cif da layin tarawa suna maƙwabtaka, shi kuma na sama ya fi kusa da yatsansa. Da na ce ba daidai ba ne, Hajiya ta leƙo daga falo ta ce ai mafi tsada ta sayo masa. Alhaji kuma daga baya ya ja ni gefe, wai tunda abin yana da ƙwaƙwalwa, in zuba wa yaron amsoshi a ciki mana kafin jarrabawa. Na ɗauki jakata na fita ta ƙofar da na shigo. Irin su Alhaji ne suka ja makarantu suka kafa doka cewa ba a shiga jarrabawa sai da kalkuleta mai wata 'yar fitila a ka, wadda ke nuna an kulle ƙwaƙwalwarta. Tawa ba ta da fitilar nan, don haka a ɗakin lesin take sarauta, a ɗakin jarrabawa kuwa ko bakin ƙofa ba ta isa ba.

Shekarar da aka rufe makarantu saboda annoba ita ce ta kusa kashe sana'ar. Get ɗin da ake buɗe mana da ƙyar aka rufe shi gaba ɗaya. Aka ce a koma lesin ta waya. Ni da nake Tungan Maje, sai na hau saman wani kango kusa da gidana kafin in samu netwok, kalkuleta a hannun hagu ina nuna wa kyamara, waya a hannun dama, rana tana dukan sikirin har yaro ba ya ganin komai sai fuskata tana zufa. Iyaye suka gano bidiyo na kyauta, ɗaya bayan ɗaya suka daina ɗaukar kirana. Oga Bitrus ya rufe ɗakinsa ya koma gida, bai sake dawowa ba. Ni kuma na tafi Yangoji wurin surukina, mai koyar da tudun lissafi ya koma yin tudun doya. Da aka buɗe, yaran da suka dawo mana yatsunsu gilashin waya suka sani. Ka ba yaro na'ura mai maɓalli ka ga yana shafa sikirin yana jiran ya motsa.

A shekarar da ta biyo baya na haɗu da Saratu. Mahaifinta, Iliya, direban bas ne a wata babbar makarantar kuɗi da nake yawan tsayawa a bakin get ɗinta ina jiran ɗalibaina. Makarantar tana ba 'ya'yan ƙananan ma'aikata kujera kyauta, amma da sharaɗi. Kafin shiga ajin manya akwai jarrabawa, kuma ɗan ma'aikaci in bai kai makin da aka yanka a lissafi ba, kujerar ta tafi. Ɗan mai kuɗi in ya faɗi, maimaitawa yake yi. Saratu ta yi fice a komai, lissafi ne kawai take tangal-tangal a bakin layi, kuma takardar da ta fi ba ta tsoro ita ce ta yiwuwa. Iliya ya same ni yana murza hularsa, ya ce shi ba shi da abin da manya ke bayarwa. Na ce Baban Saratu, bar wannan zancen, ranar Asabar zan zo gidanku a Jiwa.

Haka na riƙa zuwa. Muna zama a barandar gidan hayarsu, ita a kan benci, allonmu bayan wani tire. Yarinyar nan tana da ido. Kafin wata biyu, in na karanta tambaya, tudu ya riga ya fito a takardarta, inuwa a wurinta, ta ce Malam, wannan zai kai kashi biyu bisa uku. Sannan in ba ta tawa ta danna. Yatsunta suka haddace jerin nan kamar karatun coci: ƙasa, sama, matsakaici, tazara. A aji ba ta da tata, leƙen ta maƙwabciya take yi daga nesa, don haka tawa ce kaɗai ta taɓa riƙewa da hannunta.

Tun farko na tambayi Iliya da wace za ta shiga jarrabawa, tunda tawa ba ta da fitila. Ya ce kada in damu, akwai ta ma'aikata. Ashe direbobi da masu shara da masu gadi da 'yan kicin sun yi karo-karo sun sayi guda ɗaya tak domin 'ya'yansu, tana kulle a akwatin ƙarfe a wurin shugabar kicin, Mama Laraba. Ba ta fitowa sai safiyar jarrabawa, kuma a ranar take komawa. Na ce to, wace iri ce? Ya ce baƙa ce, mai murfi. Matsalar ita ce, kowane kamfani da inda yake ɓoye ƙofofinsa, kuma hannun da ya saba da wata in ya hau wata, sai ya bi tsohuwar hanya.

Na je kicin ɗin da kaina, na durƙusa na gaida Mama Laraba yadda ake gaida uwa. Mace ce babba, 'yar kudancin Kaduna, makullin akwatin yana ɗaure a bakin zaninta. Na roƙi a ba Saratu na'urar ta kwana biyu. Ta ce a'a. Na ce to awa ɗaya, a nan kicin, a gabanta. Ta ce in dawo gobe. Na dawo, aka ce ana girkin taron iyaye. Na sake dawowa, na sauko har na ce ba sai an kunna ba, a buɗe akwatin kawai in ga kwalin. Ta ce kalkuleta ai kalkuleta ce, duk lamba ɗaya zuwa tara ce a jiki. Daga nan ta ba ni tarihin. Ta farkon da suka saya an ba ɗan wani maigadi ya tafi da ita gida don ya saba, ƙaninsa ya tsoma ta a bahon wanki. Shekarar da ta biyo, yara suka shiga jarrabawa hannu wofi. Da aka sake haɗa kuɗi da ƙyar, sai taron ma'aikata ya yanke cewa ba mai sake taɓa ta sai ranar.

Na ce mata, "Mama, na'urar da ba a saba da ita ba, a ɗakin jarrabawa abokiyar gaba ce."

Ta ajiye ludayin hannunta ta dube ni. Ta ce, "Malam, kai ɗalibarka ɗaya ce. Ni 'ya'yan ma'aikata gaba ɗaya ne a wuyana, har waɗanda suke goye."

Ba muguwa ba ce, na sani, kuma wannan ne ya ƙara ƙona min rai, don ba ni da wanda zan zaga a kicin ɗin. Sai na hau bene wurin shugaban sashen lissafi, wani mai lafazi kamar ruwan sanyi. Na ce makarantar da ke da janareta kamar ɗaki, a ce ba ta da kalkuleta ɗaya ta aro wa yaran da ita ta ɗora wa sharaɗi? Ya ce kujerar kyauta ma ai alfarma ce, kayan karatu kuma nauyin iyaye ne, haka yake a rubuce. Ya raka ni har bakin ƙofa da ladabi. Wallahi da ya zage ni ya fi min sauƙi.

Abin da ya rage min shi ne baki. Na ja wa Saratu kunne, na ce wadda za a ba ta wataƙila ba irin tawa ba ce, ta karanta abin da sikirin ya tambaya kafin ta zuba lamba, kuma kome za a yi ta fara da zane, don zanen kansa yana da maki ko da amsar ta kauce. Ta ce to, Malam.

Yadda aka yi da safiyar ranar, daga bakinta na ji daga baya. An kira ta kicin, ma'aikata sun taru. Mama Laraba ta buɗe akwati, ta warware tawul, ta ciro na'urar tana ƙyalli. Aka yi addu'a a kanta, Kiristoci suka yi tasu, Musulmi suka shafa Fatiha. Sannan aka ɗora wa yarinyar a tafin hannu biyu, kowa yana tofa nasa. Kada ki danna da ƙarfi. Kada ki taɓa abin da ba ki sani ba. Ki tuna ƙannenki suna bayanki. Yarinyar da za ta shiga jarrabawar da za ta yanke mata zama ko tafiya, aka ƙara mata tsoron karya kayan jama'a.

Ni ina tsaye a jikin bas tare da Iliya lokacin da yara suka fito daga jarrabawa. Saratu ta taho tana riƙe da na'urar a ƙirji, naɗe a hankici. Ta ce ta sha wuya kafin ta gano inda aka ɓoye lissafin tudu, lokaci ya tafi sosai, amma daga ƙarshe duk ta ba ta amsa. Na hango Mama Laraba ta fito daga kicin ta nufo mu, sai na yi wuf na karɓa na kunna. Ƙirar Japan ce. Na shiga wurin tudu, na ga jerin: iyakar ƙasa, iyakar sama, tazara, sannan matsakaici. Biyun ƙarshe a juye suke da na tawa. Alamominsu suna nan a gefe, 'yan ƙanana, amma wanda agogo ke kora ba ya ganin alama.

Na tambaye ta babbar tambayar me ta ƙunsa. Ta faɗa min, kusan irin ta buhunanmu ce, wadda amsarta take wajen kashi biyu bisa uku. Na ce me kika samu? Ta ce kashi biyu cikin ɗari. Ta ba na'ura tudu mai ƙololuwa a kan biyu da faɗin hamsin, na'ura kuwa ta lissafa mata shi tsaf. Haka ta yi a duk tambayoyin tudu, kuma su suka fi maki a takardar.

Na ce, "Saratu, zanenki fa? Ba ki zana ba?"

Ta ce, "Na zana, Malam. Na ga inuwar ta fi rabi, amsar kuma ƙarama."

"To, me ya hana ki koma baya ki duba?"

"Ban san maɓallin komawa ba, kuma an ce kada in taɓa abin da ban sani ba." Sannan ta ƙara da cewa, "Na ce a raina ita sabuwa ce, ta fi ni sani. Sai na goge zanen don kada mai maki ya ga sun saɓa."

Duk ta goge su, ɗaya bayan ɗaya, da hannunta. Zanen da yake daidai, wanda shi kaɗai zai iya tsallakar da ita layin. Ihu na so in yi, amma ba ita ta cancanci ihun ba. Mama Laraba ta iso, ta karɓi na'urar daga hannuna, ta ɗaga ta a rana tana juyawa, ta goge wurin da yatsana ya taɓa da bakin zani. Ta shaida wa masu gadi cewa ko ƙwarzane babu, suka yi hamdala. Iliya yana ta murmushi, don shi bai fahimci abin da muka faɗa ba, ni kuma na kasa fassara masa.

To, ku da kuke son shiga gidajen mutane da sunan malamai, wannan shi ne danna maɓallin. Aikin ba koya wa yaro inda zai sa yatsa ba ne, aikin shi ne ka sa ya yarda da idonsa har ya iya tsayawa ya ƙaryata na'ura. Na yi wata da watanni ina gina wannan a barandar Jiwa, aka rushe min shi da safiya ɗaya, da addu'a da kyakkyawar niyya. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi, kuma ban yafe wa mai lafazin nan na saman bene ba.

Sakamako ya fito, Saratu ta gaza layin da ɗan abin da bai kai makin zane biyu ba. Na sake hawa benen, aka ce sharaɗi sharaɗi ne. Yanzu tana wata makarantar gwamnati, ajinsu ya fi kasuwa cika. Iliya bai bar aikinsa ba, ina zai je? Kowace safiya sai ya bi ta mahaɗar Jiwa ya kwashi 'ya'yan mutane, a daidai lokacin da 'yarsa take tsaye a bakin titi da wani yunifom daban tana jiran keken haya. Dokar makaranta ta hana ɗaukar wanda ba ɗalibi ba. Yakan danna mata hon sau ɗaya, ta ɗaga masa hannu, ya wuce.